Kaza Ta Fi Mu

Shekara ashirin da shida Baba Sallau ya yi
a gaban injin saƙa, a Kakuri.
Atamfa ta fita ta zaga kasuwanni,
ƙara ta zauna a kunnensa tana ci
kamar gara a cikin azara.
Ranar da aka garƙame masaƙa
an ba shi takardar sallama da alkawarin kuɗi.
Jinsa kuwa, ba wanda ya ce ga inda aka ajiye.

Yanzu in jirgin ƙasa ya hau gadar kogi
a tafin ƙafa yake jin labari.
Ladan ya kira asalatu, shi agogo yake dubawa.
Jikarsa Ladidi ta fara magana bana,
yana bin leɓenta da ido
kamar mai karanta allon da aka wanke rabinsa.

Ran Talata na kai shi asibitin kunne.
Likitar, wata siririya mai suna Kande,
ta zana mini katantanwa a bayan katin magani.
Ta ce, a can ciki akwai 'yan ƙwayoyin halitta
masu gashi a ka, tsaye sahu-sahu
kamar shinkafa a fadama.
Sauti ya taɓa su, su rausaya: jin ke nan.
Na babanki sun kwanta.
Mu 'yan Adam, in sun kwanta, sun kwanta.

Sai ta ɗaga biro: amma ban da kaza.
Kaza in nata sun mutu, wasu ke tohowa.
Kifi ma haka.
Akwai masu kwana a ɗakin bincike
suna bin sawun wannan sirri,
suna lallashin maƙwabtan matattun
su canja sana'a, su tsiro da gashi,
su gaji aikin da aka bari.
A kan ɓera an ga alama.
A kan mutum, da sauran tafiya.

Na ce, yaushe?
Ta ce, ba na sayar da watan da ban gani ba.

A cikin Keke, muna hawa gada,
na rubuta masa duka a bayan rasit.
Ya karanta sau biyu.
Ya fashe da dariya, irin ta wanda ba ya jin kansa,
har direba ya waiwayo.

Muna shiga gida ya tsaya a gaban akurki.
Wake-waken nan tamu tana tonon ƙasa,
ba ta san an ambace ta a asibiti ba.
Ya ce, ashe shekara da shekaru
malamai nake yankawa ina ci da tuwo!
Ya watsa mata dawa, tafi guda cur,
ya ce ko da Sallah kada wuƙa ta kusance ta.

Mutane na cewa kunne ya girmi kaka.
A gidanmu kunne ya riga kaka tafiya.

Ban ce masa za a kai gare shi ba,
shi ma bai tambaya ba.
Da la'asar dai ya fara lissafi da yatsu:
Bitrus na sashen rini, Mati, Dogara, Garba Tela,
duk 'yan layinmu da ake yi wa magana da hannu.
Yatsu suka ƙare, sunaye ba su ƙare ba.

Ya miƙe, ya shiga ɗaki,
ya fito da auduga a leda
ya nufi bakin titi, wajen injin markaɗe,
inda yaron nan Sagiru ke tsaye tun safe
cikin ruri, yana tura tattasai.
Ya kama kansa, ya toshe masa dama, ya toshe hagu,
ya ce da ƙarfi, har titi ya ji:
kai ba kaza ba ne,
riƙe naka kafin su gama karatu.

Da dare Ladidi ta hau cinyarsa.
Ya ɗora yatsa biyu a maƙogwaronta,
ya ce, maimaita.
Ta ce, Kaka.
Ya ce, sake.